Hanyoyin Jiragen Sama da Ake Sake Shatawa Kullum a Kan Tekun Atlantika

Na'urar rada ba ta hango jirgi da zarar ya yi nisan mil 200 zuwa 250 daga gaɓar teku. Saboda haka a arewacin Atlantika ake shata wa jirage hanyoyi sau biyu a rana.

Cibiyoyi biyu ke aikin. Gander ta Kanada ce ke fitar da hanyoyin dare masu zuwa Turai, waɗanda ake bi daga ƙarfe 1 zuwa 8 na safe agogon GMT, ana sa musu haruffa daga Z a kudu. Shanwick kuma, wadda masu ba jirage umarni nata ke Prestwick a Sikotilan, ita ke tsara na rana masu nufar Amurka, waɗanda ake bi daga 11:30 na safe zuwa 7 na yamma, suna farawa da A daga arewa.

Iska ce ke sa a sake su kullum. Can sama akwai wata iska mai tsananin gudu daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Turai so yake ta tura shi, mai dawowa kuwa kauce mata yake. Kamfanoni kan aiko da hanyar da suka fi so, to amma kowa hanyar da ta fi arhar mai yake hari. Wanda bai samu gurbi ba sai a saukar da shi ƙasa da tsayin da ya nema, inda injin ya fi shan mai, ko a tura shi hanyar gefe. Nan asarar take.

Tazara ce ke ƙayyade yawan gurbin. A da, mil 60 na teku ne tsakanin hanya da hanya, minti 10 tsakanin na gaba da na baya, kowa da gudun da aka yanka masa. A 1997 aka rage tazarar sama da ƙasa daga ƙafa 2,000 zuwa 1,000. Daga 2019 tauraron ɗan Adam ya fara ganin jiragen kai tsaye, tazarar gaba da baya ta sauko har mil 14.

Kuskuren da aka fi tsoro shi ne matuƙi ya shigar da lambar wuri ba daidai ba a kwamfutar jirgi, digiri ɗaya kacal ya jefa shi hanyar wani. Shi ya sa matuƙan biyu ke tantance kowace lamba, kuma don rage haɗarin karo an yarda jirgi ya ɗan karkata dama har mil 2.

Tun Maris 2022, daga ƙafa 33,000 zuwa ƙasa an daina shata hanyoyin, kowane kamfani ya tsara tasa.