Wai me ya sa Sarkin Wuta yake shan duka a Supernatural?

Salamu alaikum jama'a. Tun da ɗan bidiyon nan ya fara yawo a TikTok da WhatsApp, wanda aka haɗa Crowley biyu gefe da gefe, wato aljanin da ke sarautar wuta a shirin Supernatural, gardama ta ƙi ƙarewa a wajen shan atayarmu a Nima, har wani ƙanina daga Mamobi ya turo min saƙon murya na minti shida yana cewa marubutan Supernatural ba su san abin da suke yi ba. To ku sake kallonsa. A hagu, Crowley ya ɓullo a kujerar baya ta motar su Dean ba tare da ya buɗe ƙofa ba. A dama kuma, shi ɗin dai, da sarƙa a wuya, Lucifer ya mayar da shi kare. Wai ya za a yi Sarkin Wuta guda ya koma haka?

Ga wanda bai kalla ba, a gurguje: shirin Amurka ne, an fara 2005 an gama 2020, sizin 15, episod 327, Sam da Dean 'yan uwa biyu suna farautar dodanni. Crowley ya shigo a sizin 5, Mark Sheppard ne ya fito a matsayinsa. Shi ke nan, mu je wajen da ake ɓata.

Wajen da ake ɓata shi ne kalmar aljani. Mu da muka tashi a zango in an ce aljani, hankalinmu na zuwa ga wata halitta daban da ɗan Adam, wadda aka yi ta da wuta, shi ya sa muke kallon Crowley da wannan idon. A cikin shirin kuwa ba haka marubutan suka tsara ba, kuma labari ne kawai, ba aƙidarmu ba. A sizin 3 Ruby, wadda ita ma aljana ce, ta faɗa wa Dean ƙarara, su aljanun nan duk mutane ne da, azabar wuta ce ta cinye mutuntakarsu har suka koma baƙin hayaƙi. Crowley ma mutum ne, sunansa Fergus MacLeod, ɗan Sikotland a ƙarni na 17, ɗan mayyar nan Rowena. Ku lissafa da kanku, shekara ɗari uku da 'yan kai ke nan, ga Lilith kuma wadda ita ce ta farko gaba ɗaya, Lucifer da hannunsa ya ɓata ta. To Crowley a gabansu yaro ne ƙarami, ɗan jiya.

Tsaya nan, ku dubi idanun. Baƙi, talakawan cikinsu. Ja, 'yan cinikin mararraba masu sayen rai a ba ka shekara goma. Ruwan ɗorawa, su Azazel. Fari, Lilith da Alastair. Na Crowley ja ne, har hayaƙinsa ja, wato asalinsa ɗan kasuwa ne mai baki da takardar yarjejeniya, ba jarumi ba.

To ya aka yi ya hau kujera? Wannan wajen nake so ku kalla sau biyu, sizin 12, inda aka waiwayi abin da ya faru a baya. Bayan an kulle Lucifer, Crowley ya je wajen Ramiel, babban aljani mai idon ruwan ɗorawa irin Azazel, da kyauta a hannu, bindigar Colt da mashin Mika'ilu, ya ce ranka ya daɗe sarauta taka ce. Ramiel ya ce ba ya so, a bar shi ya huta, kai ka ɗauka. Kun gani? Rawani aka miƙa masa, ba a ƙara masa ƙarfi ko ƙwaya ɗaya ba. Kamar a ce don an naɗa mutum sarkin zango sai ya tafi Bukom ya ce a kawo masa ɗan damben nan Azumah Nelson yana ganiyarsa, ai sarki yana da fada da 'yan rakiya da maganar da ake ji, amma damtsensa na nan yadda yake tun kafin naɗi. Shi ya sa da aljanar nan Abaddon ta taso neman kujerarsa a sizin 9 bai tsaya ya gwada ƙwanji da ita ba, sai ya lallaɓa ya kai Dean wajen Cain, aka samo wuƙar da za ta iya kashe ta. Ni a ganina nan ne ma daɗin Crowley yake, da yawa cikin waɗanda suka fi shi ƙarfi sun riga shi faɗuwa, shi yana nan da kwat ɗinsa da kofi a hannu.

Sauran da sauri. Zaman da ya yi ɗaure a ɗakin ƙasa na su Sam, tarkon shaiɗan ne aka zana, wato zanen da ke tsare aljani a cikinsa, yana kama shi kamar kowa. Kukan da kuka ga yana yi, jinin mutum ne Sam ya yi ta ɗura masa a ƙarshen sizin 8, daga baya ya zame masa jaraba. Ruwan coci da bai ƙona Azazel ba a ƙarshen sizin 1, daraja ce, ba mantuwa ba.

Amma ƙanina yana da gaskiya a wani waje, kuma ba zan kare marubuta a nan ba. Eric Kripke, wanda ya ƙirƙiri shirin, ya sauka daga jagorancin shirin bayan sizin 5, wasu suka karɓa hannu zuwa hannu, dokoki suka yi ta sassautawa. A sizin 1 Bobby, wani tsohon mafaraucin dodanni, ya ce a shekara bai fi ya ji labarin mutum uku ko huɗu da aljani ya shiga ba, aljani ɗaya yana girgiza episod guda, daga baya sai ga su ana zubar da su biyar biyar da wuƙar Ruby. Wanda ya fi ci min rai kuwa shi ne wannan, episod na 4, cikin jirgin sama, Dean ya furta kalma ɗaya, Christo, idon mataimakin matuƙi ya koma baƙi nan take. Hanya mafi sauƙi ta gane aljani, ba gishiri ba ruwa, kuma suka yi shekara da shekaru ana yaudararsu ba wanda ya sake tunawa da ita. Ku saurari yadda ya faɗe ta, zan sake saka wajen.