Shekarar 1966 a Wales: zaɓen Carmarthen da bala'in Aberfan

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ɗalibai, ina godiya da wannan gayyata. Yau zan yi magana kan Wales, yankin da ke yammacin Ingila, mai nasa harshe da nasa tarihi, kuma zan tsaya kan shekarar 1966.

Mutanen Wales sun shiga wannan shekara da ciwo a zuciya. A 1965 aka kammala madatsar ruwan Tryweryn, aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn domin a kai wa birnin Liverpool da ke Ingila ruwan sha. Cikin 'yan majalisa 36 da ke wakiltar Wales a majalisar Birtaniya babu ko ɗaya da ya goyi bayan dokar gina madatsar, amma ta wuce a Landan. To, ranar 14 ga Yuli 1966 aka yi zaɓen cike gurbi a Carmarthen, Gwynfor Evans ya ci, ya zama ɗan majalisa na farko da jam'iyyar Plaid Cymru, ta masu kishin Wales, ta taɓa samu. A watan Satumba kuma aka buɗe babbar gadar kogin Severn da ta haɗa kudancin Wales da Ingila.

Sai watan Oktoba. Aberfan ƙauyen masu haƙar kwal ne kusa da Merthyr Tydfil. Shekara da shekaru ana jibge ɓaraguzan da ake fitarwa daga ramin haƙa a kan dutsen da ke bisa ƙauyen, har suka zama tuli bakwai. Tuli na bakwai an ɗora shi ne a kan idon ruwa, idon ruwan kuwa yana nan a taswira, kowa ya san shi. Tun 1963 jami'an ƙaramar hukuma suke rubuta wa Hukumar Kwal ta Ƙasa, mai kula da ramin haƙar, wasiƙa cewa tulin nan na bayan makaranta haɗari ne.

Ranar Juma'a 21 ga Oktoba, bayan an kwashe makonni ana ruwa, tulin ya jiƙe ya zama caɓi. Wajen ƙarfe tara da kwata na safe ya zabtaro. Akwai hazo, mutanen ƙauye ba su ga komai ba, ƙara kawai suka ji. Ya binne gidajen gona, ya faɗa wa makarantar firamare ta Pantglas daidai lokacin da yara suka zauna a aji. Ranar ce ta ƙarshe kafin hutu, da tsakar rana za a tashe su. Mahaƙa suka baro rami da shebur, iyaye mata suna tono da hannu. Lokaci lokaci sai a busa usur, kowa ya tsaya cik, a kasa kunne ko za a ji kukan yaro daga ƙasa. Bayan ƙarfe sha ɗaya ba a ƙara fito da mai rai ba. Mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara ne, yawancinsu 'yan shekara bakwai zuwa goma.

Jama'a, abin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Shugaban Hukumar Kwal ɗin, Lord Robens, bai je ranar ba, ya tafi bikin naɗa shi uban jami'ar Surrey. Da ya zo kuma ya ce ba wanda zai iya sanin akwai idon ruwa a ƙarƙashin tulin. Kwamitin bincike ƙarƙashin alƙali Edmund Davies ya zauna kwana 76, a Agusta 1967 ya fitar da rahoto ya ɗora laifin kacokan a kan hukumar, ya ambaci ma'aikatanta tara. Ba a gurfanar da kowa ba, ba a kori kowa ba. Diyyar da aka ba iyaye fam 500 ce kan kowane yaro.

Mutane daga ko'ina a duniya sun tara wa ƙauyen gudummawa, kusan fam miliyan 1.75. Da mazauna suka dage sai an kwashe sauran tulin da ke kansu, gwamnati ta sa aka cire fam 150,000 daga wannan asusu don biyan aikin. Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganina wannan zalunci ne tsagwaronsa, domin kuɗin marayu da masu makoki aka ɗauka aka share ɓarnar wanda ya yi laifin.

A 1969 aka yi dokar kula da tulin ɓaraguzan ma'adinai, abin da babu shi a da. Fam 150,000 ɗin kuwa sai 1997 aka mayar, bayan shekara kusan talatin, ba tare da la'akari da faɗuwar darajar kuɗi ba. A 2007 gwamnatin Wales da ke Cardiff, wadda aka kafa a 1999, ta ba gidauniyoyin Aberfan fam miliyan 2, kashi mafi tsoka don kula da maƙabarta da lambun tunawa da aka yi a filin makarantar, sauran don ilimin yaran yankin.

A nan zan dakata, in akwai mai tambaya bismillah.