Baƙon da ba ya wuce zaure

Assalamu alaikum. Na hango wasu a baya suna tauna goro. Kada ku tofar, za mu zo kansa.

Ku ɗauki ƙwayar jijiya guda a ƙwaƙwalwa kamar gidan Bahaushe. Baƙo ya yi sallama, iyakarsa zaure. Haka sinadaran saƙo irin su dofamin suke, ba sa shiga ciki. Ƙofar da suke taɓawa furotin ce da ta ratsa bangon ƙwayar sau bakwai, ciki da waje, kamar zaren ɗinki. Ɗan Adam yana da ire-irenta kusan 800.

To wa zai kai saƙo cikin gida? Akwai ɗan aike zaune a bayan ƙofa, shi ne furotin G. Amurkawa biyu, Alfred Gilman da Martin Rodbell, sun sami kyautar Nobel a 1994 saboda gano shi. Sassa uku gare shi: alfa, bita da gama. Yana zaune riƙe da wani ƙaramin sinadari mai suna GDP. Da baƙo ya taɓa ƙofa, sai alfa ya yar da GDP, ya cafki GTP (irin GDP ne, amma ya fi shi da guntu ɗaya da ake kira fosfat), ya rabu da 'yan'uwansa, ya ruga ciki. Wani irin alfan cewa yake a ƙara cAMP, sinadarin da ke yaɗa saƙon a cikin gida, wani kuma a rage. Bita da gama ma ba zaman kashe wando suke yi ba, sukan buɗe hanyar da sinadarin fotasiyam ke bi ya fita daga ƙwayar, jijiyar ta lafa.

Ni abin da ya fi burge ni, yaron nan ba ya jira a kira shi. Da kansa yake gutsure fosfat ɗaya daga GTP, ya mayar da shi GDP, ya dawo mazauninsa. Gubar kwalara wannan dawowar take hanawa a cikin hanji, shi ya sa ruwa ke ta zuba ba tsayawa.

Kodin kuwa, wanda Najeriya ta hana maganin tarinsa a 2018, hanta ce ke juya shi ya zama mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe ciwo, ya matsa ƙofar "a rage". Yau a rage, gobe a rage, sai ƙwayar ta ƙara ƙaimi wajen yin cAMP don ta cike giɓin. Ran da mutum bai sha ba, cAMP ya yi ambaliya, ga zufa, ga ciwon jiki.

Yauwa, masu goro. Sinadarin kafin (caffeine) da ke cikinsa yakan tsugunna a ƙofar adinosin, sinadarin da ke kawo saƙon gajiya. Ya tare wurin, shi bai ba da saƙo ba, mai saƙon kuma bai sami ƙofa ba. Ɗan aike yana nan zaune, ku kuma ga ku ido biyu har yanzu.