Fodkas: Yahudawa, zaitun da mangwaro ɗan aure

Rifkatu: Jama'a barkanmu da warhaka. Tambayar yau da ɗan zafi, wai ina matsayin Yahudawa a cikin bishara? Baba Istifanus, buɗe mana.

Baba Istifanus: To 'yata, Yesu dai Bayahude ne, Maryamu haka, Bitrus da Bulus haka. Duba Ayyukan Manzanni sura 15, gardamar da aka yi a Urushalima ba a kan Yahudawa aka yi ta ba, a kanmu ne mu al'ummai da ba Yahudawa ba, wai sai an yi mana kaciya ko a karɓe mu haka nan.

Dauda: Amma Baba, mu fa muna yara abin da muka taso muna ji shi ne sun ƙi shi, sun gicciye shi, Allah ya juya musu baya ya ɗauke mu, shi ke nan.

Baba Istifanus: Ai Bulus ya yi wannan tambayar a Romawa 11, ko Allah ya yar da jama'arsa? Ya ce ko kusa. Ka taɓa ganin yadda ake yi wa mangwaro aure?

Dauda: A lambun kawuna, a tsaga ɗan icen da reza a soka reshe mai kyau a naɗe da leda.

Baba Istifanus: Yauwa. Shi kuwa Bulus juya abin ya yi, reshen zaitun na jeji aka ɗauko aka soka a jikin na gida, mu ne na jejin, sai ya ce kar ka yi fahariya, saiwar ce ke ɗauke da kai ba kai ke ɗauke da ita ba.

Rifkatu: Kuma an yi fahariyar fa. Martin Luther kansa, jagoran Furotesta na farko, a 1543 ya rubuta munanan maganganu a kansu har da cewa a ƙona majami'unsu. Sai 1965 Katolika a taron Vatican na biyu suka fito fili suka ce ba za a ɗora mutuwar Yesu a kan duk Yahudawa ba, na da ko na yanzu.

Dauda: To a yi musu wa'azi ko a ƙyale su?

Baba Istifanus: Nan ne kan ikkilisiyoyi ya rabu. Ni dai Romawa 1:16 nake riƙe da ita, bishara ga Bayahude tukuna, amma wanda zai kai ta ya san tarihin da ke bayansa.

Rifkatu: Dauda bai gamsu ba, ga fuskarsa nan. Bari mu sha ruwa mu dawo.