Da Wa Tasitus Yake?

Kwanan nan wani guntun rubutu yana ta yawo a waya: wai Rumawa da bakinsu sun shaida cewa ƙabilun Jamus na dā mutanen kirki ne, jininsu bai gauraya da na kowa ba. Rubutun ba ƙage ba ne. Yana cikin Germania, ɗan littafin da Tasitus, ɗan majalisar dattawan Rum, ya rubuta a shekara ta 98 miladiyya. Ƙasar waɗannan ƙabilu tana ƙetaren kogin Rayin da kogin Danub ne.

To ga inda ake tuntuɓe. Waɗanda yake yabon ba su ne za su karanta ba. Manyan Rum ne masu karatun. Ku ji abin da ya ce: a can zina ba ta da yawa, ba mai mayar da alfasha abin dariya, kuma kyawawan ɗabi'u a can sun fi kyawawan dokoki aiki a wani wurin. Wane wurin kuwa? Rum mana, inda sai da Sarki Augustus ya kafa dokar hukunta mazinata a shekara ta 18 kafin miladiyya. Gugar zana ce tsagwaronta, irin ta uwa da ke yabon ɗan maƙwabta alhali nata ɗan yana zaune yana ji.

Masu yaɗa guntun ba sa nuna sauran shafukan. Ya ce mutanen nan mashaya ne, in ba yaƙi sai barci, a caca har kansu suke sawa su koma bayi. Da ya zo labarin kisan ƴan ƙabilar Burukteri sama da 60,000 a hannun maƙwabtansu, murna ya yi, har da fatan gabar ta ɗore. Masoyi ke nan?

Akwai siyasa kuma. Sarkin Rum Domishiyan ya yi bikin cin Jamus a shekara ta 83, har da buga tsabar kuɗi. Tasitus ya ƙirga: shekara 210 ana "cin" Jamus, har zamaninsa ba a gama ba. Ni dai wannan shaguɓen ya fi burge ni.

Zancen jinin kuwa, shi ƴan Nazi suka riƙe. A 1943 Himla, shugaban rundunar SS ta ƴan Nazi, ya tura dakarunsa Italiya su ƙwato tsohon kwafin littafin. Masu gidan da kwafin yake sun ɓoye shi, dakarun suka koma hannu rabbana.