Yadda Jirgin Fito Ya Sauya Tsibiran Istanbul

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Idan mutum ya tsaya a gaɓar Istanbul ta ɓangaren Asiya ya dubi kudu, zai hangi tsibirai a jere cikin Tekun Marmara. Guda tara ne, amma manyan su huɗu ne: Kinaliada, Burgazada, Heybeliada da Buyukada. Yau wurin shan iska ne. A da kuwa, wanda aka ce za a kai shi can, sai dai danginsa su yi masa bankwana.

A zamanin Daular Rumawa ta Gabas, can ake jefa sarkin da aka tuɓe ko ɗan sarkin da ake tsoron zai nemi gadon mulki. Sarauniya Irin, da aka tumɓuke ta a shekarar 802, Buyukada aka fara kai ta. Sarki Romanos Diyojin, wanda Sultan Alp Arslan ya ci da yaƙi a Manzikat a 1071, mutanensa ne da kansu suka ƙwaƙule masa idanu, suka kai shi Kinaliada, can ya ƙarasa. Ba a buƙatar ganuwa ko dogari da yawa, ruwan ya wadatar. Tafiyar ba ta wuce kilomita 20 daga birni ba, amma a kwale-kwalen da ake tuƙawa da ƙarfin damtse, sa'o'i ake kwashewa, in iska ta tashi kuma babu mai fita. Shi ya sa har bayan Usmaniyawa sun karɓi birnin a 1453, mazauna tsibiran ba su wuce masunta Girkawa da masu zuhudun Kirista ba.

A shekarar 1846 ne lamarin ya juya, lokacin da jirgi mai aiki da tururi ya fara jigilar fasinja a kai a kai. To, ku lura da abin da wannan ya haifar. Attajirin da ke da kanti a Galata, unguwar 'yan kasuwa a cikin birni, zai iya kwana a tsibiri, ya kama jirgin safe, ya yi kasuwancinsa, ya koma gida da la'asar sakaliya. Nan da nan 'yan kasuwa Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa, sai kuma manyan jami'an fada, suka shiga gina gidajen katako masu hawa biyu da uku, da baranda mai fuskantar teku. Da yawansu suna nan tsaye. Musulmi suka ƙaru har Sultan Abdulhamid na Biyu ya sa aka gina Masallacin Hamidiyya a Buyukada. Tashar jirgin da ake sauka a cikinta yanzu, mai ado da tayil, an gina ta ne a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Akwai inda mutane kan ruɗe. Da an ambaci tsofaffin jiragen Istanbul, sai a ce Shirketi Hayriye, kamfanin hannun jarin da aka kafa a 1851. Amma shi mashigin Bosforus yake yi wa aiki. Layin tsibirai a hannun hukumar gwamnati yake, wadda ta yi ta sauya suna, daga Idarei Mahsusa zuwa Seyri Sefain da sauransu. Sai a tsakiyar shekarun 1940 gwamnati ta sayi wancan kamfani, aka haɗe jiragen duka a ƙarƙashin Shehir Hatlari, wato kamfanin jiragen fito na birni. Yanzu hukumar birnin Istanbul ce ke riƙe da shi.

Kuma korar mutane zuwa tsibiran ba ta ƙare da Rumawa ba. Liyon Trotsky, ɗaya daga jagororin juyin juya halin Rasha, bayan Stalin ya fatattake shi daga Tarayyar Sobiyat, a Buyukada ya zauna daga 1929 zuwa 1933. A ƙaramin tsibirin Yassiada kuma sojoji suka yi wa Firaminista Adnan Menderes shari'a bayan juyin mulkin 1960.

A ganina zamanin da jiragen suka fi kyau shi ne shekarun 1950, lokacin da aka kawo Pashabahche daga Taranto ta Italiya, da Fenerbahche da Dolmabahche daga Dumbarton kusa da Gilasgo. Farare ne dogaye, da benen zama a fili, mai shayi na zagayawa da tire. A 1987 aka shigo da jirage masu gudu, rufaffu kamar bas. Sun rage lokaci, amma mutane ba su saki tsofaffin ba, har aka gyara Pashabahche ya dawo aiki a 2022.

Har gobe ba a yarda da motocin gida a tsibiran ba. Keken doki ne ya yi ta ɗaukar mutane har 2020, lokacin da aka maye gurbinsa da ƙananan motocin lantarki bayan ɓarkewar cutar dawakai. Saboda haka buhun fulawa, firji, ɗalibi, amarya, kowa da komai ta ruwa yake shiga. Daga tashar Kabatash ta ɓangaren Turai zuwa Buyukada kusan awa ɗaya da rabi ce, daga Bostanji ta ɓangaren Asiya kuwa wajen rabin awa. Da rani jirgi kan cika maƙil, ranar Lahadi ma sai mutum ya sammaka. Da hunturu ana rage yawan sawu, kuma idan iskar kudu maso yamma da suke kira lodos ta taso, ana soke tafiya baki ɗaya. Ranar, ɗan tsibirin da ya shigo birni aiki sai ya nemi inda zai kwana.