Daga Tukunyar Daddawa Zuwa Tankin Masana'anta

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo.

Duk wanda ya tashi a Katsina ko Daura ya ga yadda iyayenmu mata ke yin daddawa. A dafa kalwa, a surfe, a rufe ta kwana biyu zuwa uku, sai ta nuna. To, wa ya yi aikin da ke ƙarƙashin murfin nan? Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya.

Farin magin da ke cikin miyarmu ma aikinsu ne. A 1956 masana a Jafan suka gano wata bakteriya wadda in an ba ta sukarin rake ko na rogo, sai ta fitar da sinadarin da ke ba miya ɗanɗano.

Yanzu an wuce nan. Kowace bakteriya tana ɗauke da rubutaccen umarni a cikinta, wato DNA, kuma masana sun iya gyara rubutun. Kamar mai ban ruwa a fadama ne: ya toshe wannan kwalbati, ya buɗe wancan, ruwa ya bi inda yake so. Haka kamfanin DuPont da abokan aikinsa suka yi wa bakteriyar E. coli. Suka ɗauko umarni daga yis ɗin burodi da wata bakteriya daban suka dasa mata, suka toshe hanyoyin da take ɓarnar sukari. Tun 2006, a jihar Tenesi ta Amurka, take cin sukarin masara a manyan tankuna tana fitar da sinadarin da ake yin zaren kafet da man shafawa da shi, wanda a da daga man fetur ake samo shi.

A 2016 kamfanin Novamont ya buɗe irin wannan masana'anta a Italiya, mai iya fitar da tan 30,000 a shekara na sinadarin da ke shiga leda mai ruɓewa. Wanda akuyarsa ta taɓa mutuwa saboda cin leda ya san darajar wannan.

Abin da ke damuna shi ne masara a wurinmu tuwo ce. Shi ya sa na fi sa ido kan binciken fitar da sukari daga karan dawa da na masara. Yana da wuya, yana da tsada, domin sai an farfasa tauri irin na kara kafin bakteriya ta iya ci. Kuma karan ma a nan da masu shi: dabbobi na jira, darni na jira, murhu na jira.